Kalmomin Yaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau aka buɗe aikin maki. Shekarata goma sha ɗaya ke nan ina duba takardun jarrabawar adabi, kuma zauren nan yana nan yadda na san shi: fanka shida, biyu ke juyawa, ɗaya daga ciki tana kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. An haɗa ni tebur ɗaya da Jan Biro. Haka muke kiransa, don idan ya gama da takardar yaro sai ka rantse kaza aka yanka a kanta. A waje mutumin kirki ne, amma da zarar ya cire murfin biron nan, ko ɗan cikinsa ba zai ɗaga wa ƙafa ba.

Shugaban aikin maki ya karanta mana sabuwar jagorar ba da maki. Tambaya ta uku ce babba, maki talatin da biyu cikin ɗari. An ba yaro guntun waƙa da guntun wasan kwaikwayo, an nuna masa wurare huɗu. A kowane wuri zai faɗi sunan dabarar da marubuci ya yi, maki biyu, sannan ya yi bayani, maki shida. Da can akwai wani layi a jagorar da ke cewa "ko wani suna da ya dace". Bana an cire shi. Idan sunan da yaro ya rubuta ba ya cikin littafin kalmomin adabi na hukuma, ko bayaninsa ba za a karanta ba.

Jan Biro ya ce, "Yanzu aka yi magana." Ni kuwa sunana yana shafin farko na littafin nan, a ƙasan sunayen manya, inda aka rubuta magatakardar kwamitin da ya tsara shi.

Mun sa hannu a fom ɗin da aka saba, cewa duk wanda ya gane makarantarsa ko ta ɗan'uwansa a cikin ƙunshin takardun da aka ba shi, zai mayar nan take.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ƙunshi biyu na gama. Wani yaro ya rubuta cewa ɗango, wato layin waƙa, sunan wanda ya yi waƙar ne. Na ba shi sifili, na yi masa addu'a.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

An ba ni ƙunshi na uku bayan hutun rana. Takardu talatin da takwas, babu sunan makaranta, lamba ce kawai kamar kullum.

Na buɗe ta farko. A waƙar akwai inda aka ce rijiya ta yi fushi ta rufe bakinta. Amsar da jagora ke nema ita ce mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum. Yarinyar, don rubutun na mace ne, ta rubuta: "Wannan aron rai ne. Rijiya ba ta da zuciyar fushi, marubucin ne ya ara mata, zai karɓi abinsa idan baitin ya ƙare."

Na buɗe ta biyu, aron rai. Ta uku, aron rai. Inda ɗan wasa ya tsaya shi kaɗai a dandamali yana faɗin abin da ke ransa, maimakon zancen zuci duk sun rubuta hira da bango. Inda rikicin wasan ya kai ƙololuwa sun ce tafasa. Inda maganar ɗango ba ta ƙare ba sai a ɗango na gaba, abin da muke kira sabi-zarce, sun ce tsallake-katanga.

Mutum ɗaya ne a duniyar nan yake koyar da adabi da waɗannan kalmomi, wana Yaya. Ina 'yar shekara sha biyu ya koya mini su a tsakar gidanmu, da gawayi a jikin bango, har Umma ta biyo mu da tsintsiya.

Na rufe ƙunshin na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya kamata in mayar. Na sani.

Laraba, da la'asar

Ban mayar ba.

Idan na mayar, Jan Biro za a miƙa wa, shi ne kusa da ni. Zai bi jagora layi-layi, yara talatin da takwas su tashi da sifili a tambayar da ta fi kowace maki. Da wannan raunin, da wuya goma su haye. Alhali kuwa, wallahi, tun da aka fara makin nan ban karanta bayani mai kyau irin nasu ba. Wani ya rubuta cewa ana gane tafasa ne idan mai kallo ya manta da gyaɗar da ke hannunsa. Wata ta ce a hira da bango ɗan wasa ba ya ƙarya, don ba wanda yake jin kunya. Yaran littafinmu suna haddace suna su ajiye shi kamar bulo, waɗannan kuwa sun san abin da suke faɗa.

Na yi musu maki da fensir, a hankali, yadda zai gogu. Na ba su na bayani, na bar na suna. Abin da jagora ta hana ke nan.

Baban yara ya tambaye ni me ya sa na dawo ina jan ƙafa. Na ce zafi ne. Ya ce, "To, zafin ya sa kika zuba gishiri a shayina?" Na ce ya sha haka, yana maganin surutu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya shekararsa ashirin da shida a makarantar nan ta bayan gari, inda kwalta ta ƙare. An yi masa canji sau biyu ya ƙi. Taurin kai ne da shi kamar ƙofar da ruwa ya kumbura. Littafinmu na hukuma ya fito shekara shida da suka wuce, an raba wa kowace makaranta, kuma na tabbata nasa yana cikin kabad ko ledar ba a ɓare ba. Haushinsa nake ji, sosai ma. Fushinka da ni ne, me yaran mutane suka yi maka?

Ba ma faɗa da shi. Da ma faɗan muke yi. Idan muka haɗu a wurin Umma zai gaishe ni tsaf, ya tambayi yara, ya tambayi babansu, ya tambayi aiki, kamar maƙwabciyar da ta tare jiya. Umma ta taɓa cewa, "Ku biyun nan gaisuwarku ta yi kyau da yawa, me ke faruwa?" Ya ce babu komai. Ni ma na ce babu komai.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Jan Biro yana leƙen teburina. Ya ce, "Malama, ƙunshin nan ya kwana uku a wurinki, ko ƙwai kike kwanci?" Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Babu aiki yau. Na share ɗaki, na wanke labule, na jera takalman yara, na sake share ɗaki. Akwatin da ke saman sif kawai ban taɓa ba.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Na ɗauko waya sau huɗu. Me zan ce wa Yaya? Doka ma ta hana in faɗi abin da na gani.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ta faru.

Na fita wanke hannu, na dawo na tarar da Jan Biro tsaye a kan teburina da takardu biyar a baje. Wai neman abin goge fensir ya kawo shi. Fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Malama, kin ga abin da na gani?"

Na ce, "Me ka gani?"

"Satar amsa. Yara talatin da takwas, kuskure iri ɗaya, kalma iri ɗaya, kalmar da babu ita a kowane littafi. Wani ne ya tsaya ya karanto musu a ɗakin jarrabawa, kuma shi ma bai san amsar ba. Hira da bango! Wane bangon?"

Wannan ko a mafarki ban kawo ta ba. Ni duk tunanina yana kan sifili, ashe akwai abin da ya fi sifili. Idan aka rubuta satar amsa, za a riƙe sakamakon makarantar gaba ɗaya, har na sauran darussa, kuma malamin darasin za a fara kira. Yaya, wanda ya taɓa kai ƙarar kansa wurin shugaban makaranta don ya yi kuskuren ba wa yaro maki uku fiye da haƙƙinsa.

Na ce, "Ba sata ba ce. Duba bayanin, kowa da nasa."

Ya ce, "Ke kuma ta yaya kika sani?"

Ya dubi makin fensir ɗina, ya dube ni, ya tafi ya karɓo fom ɗin rahoto. Bai yi da mugunta ba, abin da ya gani ya rubuta. Shugaba ya ce gobe ƙarfe goma za a zauna a kai.

Litinin, bayan cin abincin yamma

Na sa Baban yara ya sauko mini da akwatin. Littafin kalmomin Yaya yana nan a ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, mai koren bango, gefensa ya ɗan ci danshi. Shafi ɗari da goma sha biyu, duk rubutun Yaya. Kowace kalma da ma'anarta da misalinta da ranar da ya fara gwada ta a aji. Akwai wadda ya soke ya rubuta a gefe, "Yara ba su karɓa ba."

Baban yara ya juya shi, ya ce, "Wannan ba shi ne kika ce ya ɓace a ofishin hukuma ba?"

Na ce, "Shi ne."

Sai ya ce bari ya duba ko an kulle ƙofar waje, ƙofar da shi da kansa ya kulle minti biyar kafin nan.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban taɓa rubuta wannan ba, ko a nan.

Da aka kafa kwamitin kalmomi, Yaya ya yi murna kamar shi aka naɗa. Ya hau mota ya kawo mini littafin har gida, ya ce, "Ba sai sun ɗauka duka ba, ko uku suka ɗauka na gode." Ranar zama littafin yana cikin jakata. Kafin a fara, wani babban malami ya shiga ba da labarin malaman ƙauye da ke ƙirƙiro kalmomi kamar masu raɗa wa akuya suna. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ce mafi ƙanƙanta a wurin, kuma ni kaɗai ce mace.

Na yi dariya tare da su.

Jakar ba ta buɗu ba har aka tashi. Na ce wa Yaya sun duba ba su karɓa ba, littafin kuma ya ɓace a ofis. Bayan wata uku ya haɗu da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin a wani taro, ya tambaye shi. Iyakar abin da na sani ke nan, don bai taɓa yi mini maganar ba.

Talata, ƙarfe uku na rana

Ofishin Shugaba ɗan ƙarami ne, kujera uku da tulin takardu har taga. Shi ma yana cikin kwamitin nan a wancan lokaci, ko da yake ban tuna ko ya yi dariya ba. Jan Biro ya gama bayaninsa. Na ciro littafin na ajiye a tebur.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sata suka yi ba, haka aka koya musu. Ga kalmomin nan, da kwanan watansu, wasu sun girmi yaran. Malaminsu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Shugaba ya sa tabarau. Ya daɗe yana buɗe shafuka, har na ji ƙarar agogon bango. Ya ce, "Yaushe kika gane?"

"Talatar da ta wuce."

"Mako guda ke nan. Kin san abin da kika sa wa hannu?"

"Na sani."

"Shi wannan littafin, me ya kawo shi hannunki?"

Na faɗa masa, duka, a gaban Jan Biro. Na ɗauka zan yi kuka, sai ga shi muryata ta fito a bushe kamar mai karanta sanarwa. Shugaba ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "Da kin fito da shi ranar nan, da wataƙila mun yi dariya. Da wataƙila kuma ba mu yi ba." Wannan maganar ta fi zagi zafi.

Ya ce in jira a waje.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

An yanke. Babu maganar satar amsa, an yaga fom ɗin. Za a karanta bayanin yaran a ba su makinsa, amma makin suna, takwas cur, sun rasa shi, don jagora jagora ce. An karɓe ƙunshin daga hannuna an ba Jan Biro, a goge fensir ɗina ya fara daga farko. Ni kuma an cire ni daga aikin maki, bana da baɗi, sauran shekaru sai abin da hukuma ta gani.

Na miƙa katina a ƙofa. Mai gadi ya ce, "Malama, yau da wuri haka?" Na ce masa na fi kowa sauri ne.

Shekara goma sha ɗaya. Ban san ina son zauren nan ba sai da na juyo ina jin kukan fankar daga bakin titi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ina gida. Na gyara ɗakin girki har tukwane suna ƙyalli. Yara sun ce don Allah in koma aiki.

Juma'a, 14 ga wata, da la'asar

Jan Biro ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin kujera da hularsa a gwiwa, ya ƙi shan ko ruwa. Littafin ya dawo mini da shi, Shugaba ya ba shi aro don ya yi makin da shi.

Ya ce, "Malama, ni abin da na gani na rubuta."

Na ce, "Na sani, ban riƙe ka ba."

Ya ce, "Ban rage musu ko rabin maki ba, ban kuma ƙara ba." Na ce wannan ai ko ba a faɗa ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, ya ce, "Tafasar nan fa, tsakani da Allah, ta fi ƙololuwa. Shekara ashirin ina fama yara su iya rubuta ƙololuwa ma." Ya ce kada in gaya wa kowa ya faɗa.

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Mun haɗu da Yaya a wurin Umma. Ya tambayi yara, ya tambayi babansu, ya tambayi aiki. Na ce aiki lafiya. Littafin yana cikin jakata, jakar ba ta buɗu ba. Sau biyu ke nan. Na tsani kaina a motar dawowa.

Alhamis, 27 ga wata, da safe

Sai sakamako ya fito zan gaya masa. Haka nake gaya wa kaina, wai doka ce ta hana ni.

Talata, 15 ga sabon wata, ƙarfe biyu na rana

Ya fito. Makarantar Yaya, a adabi, talatin da ɗaya sun haye, bakwai sun faɗi. Biyar daga cikin bakwai ɗin da makin da bai kai takwas ba suka faɗi. Na lissafa sau uku ko zai canza.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je makarantar Yaya. Mota biyu, sannan tafiyar ƙafa daga inda kwalta ta ƙare. Na tarar an tashi, shi kaɗai ne a aji, zaune a bencin yara da takardar sakamako a gabansa. Ya tsufa fiye da yadda nake gani a wurin Umma, ko don a can ba na kallonsa sosai.

Ya fara, "A'a, sannu da zuwa, ya yara, ya…"

Na ce, "Yaya, don Allah bar gaisuwar nan." Na ajiye littafin a kan bencin.

Bai taɓa shi da wuri ba. Da ya ɗauka, sai ya shinshina shi, ya ce, "Warin akwatin Umma yake." Gaskiya ne, akwatinta ne ta ba ni. Daga nan na kwashe komai na faɗa masa, tun daga ɗakin kwamiti har zuwa katin da na miƙa wa mai gadi. Bai katse ni ba. Da na kai wurin fom ɗin satar amsa na ga hannunsa ya damƙe gefen benci.

Na ce, "Ni na jawo. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tun wata uku da zaman nan na san ba ki nuna ba. Jira nake ki faɗa da bakinki. Na yi zaton mako guda za ki yi." Ya ɗan yi murmushi. "Ashe taurin kan na gida ne."

Ya jawo takardar sakamakon ya ɗora yatsa a kan lambobi bakwai ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Ni lamba na sani, shi mutane ya sani. Wannan da keke yake zuwa daga nesa, bai taɓa makara ba. Wannan ita ke rainon ƙannenta. Wannan aikin jinya take son karanta, kuma sai da adabin nan takardunta za su cika. A kanta muryarsa ta karye.

Ya ce, "Waɗannan ba ke kika kayar da su ba. Littafinku yana cikin kabad ɗin can shekara shida. Duk ranar da na ɗauko shi sai in ga sunanki a shafin farko, sai in mayar. Na ce ai yarana sun fi gane nawa. Sun gane ɗin, amma ba ni ke yi musu maki ba." Ya share fuska da hannun riga. "Gobe zan bi gidajensu in gaya wa iyayensu laifin malami ne."

Na ce zan raka shi. Ya ce a'a, wannan tafiyarsa ce.

Mun daɗe zaune, ni da shi a bencin da ya yi mana kaɗan. Sannan ya tashi ya buɗe kabad, ya ciro littafinmu, ya yage ledar da haƙori. Ya ce akwai zama na biyu na jarrabawar nan da wata huɗu, zai tara bakwai ɗin duk Asabar. Shi zai ci gaba da koya musu yadda za su gane abu, amma sunayen hukuma ba sa zama a bakinsa, yana buƙatar wanda zai tsaya a gefen allo ya riƙa faɗin na littafi.

Ya ce, "Na ji an ce yanzu ba ki da aikin yi."

Na ce, "Sharrin mutane ne, amma gaskiya ne."

Ya ce ƙarfe tara, kuma in zo da allina, nasu ya ƙare.